Ajiyar Saude a Hannun Mata

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, ruwa ya dawo amma hatsi bai dawo ba tukuna. Gero na gona yana ƙoƙarin fitar da kai, rumbuna kuwa sun kai ƙasa, har mata na share gindinsu da tsintsiya. A wannan damina ce Ɗahiru ya sauka daga motar Gusau a Bungudu, ya tako da ƙafa zuwa Nahuce, ya shaida wa mahaifiyarsa Saude cewa an ɗauke shi kwaleji a Zariya.

Saude, Allah ya jiƙanta, tana gaban kasko tana tuyar ƙuli-ƙuli. Da wannan sana'a take ci tun da mijinta Labbo ya rasu bara. 'Ya'ya biyar ta haifa, huɗu suna maƙabarta, Ɗahiru ne auta kuma shi kaɗai ya tsaya. Gonar Labbo tana jingine a hannun ƙanensa Jatau tun lokacin jinya. Don haka da ta ji labarin ba ta yi guɗa ba. Ta sauke kasko, ta goge hannu a zane.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Nawa ne?"

"Inna, ki bari in sha ruwa mana."

"Ga randa nan. Sha ka zo."

Ya sha, ya zauna, ya yi mata bayani. Gwamnati za ta ɗauki nauyinsa, amma sai ya shiga, an rubuta sunansa, an aika Sakkwato, hedikwatar jiha. Waɗanda suka riga shi sun ce kuɗin yakan kai rani bai fito ba. Zangon farko kowa shi ke ɗaukar kansa, kuma ana buɗewa kafin a cire gyaɗa.

Saude ta jawo faifai, ta ɗebo ɓararriyar gyaɗa a hannu. Naira ta shigo tun bara, amma ita da fam da sule ta yi lissafi har ta koma ga Allah.

"Faɗa mani da fam. Ban san wagga naira taku ba. Ƙwaya guda, fam guda."

"Rajista da kuɗin ɗaki, fam sha biyar."

"Makarantar ma haya take badawa?" Ta ƙirga, ta tsiba. "Sai mi?"

"Abinci, ashirin."

"Kai kaɗai? Raƙumi za a yanka maka?"

"Haka sunka yanke, Inna. Ko ka ci ko ba ka ci ba."

Ta tsiba. Littattafai sha biyu, wannan ba ta ce komai ba, don ta san karatu sai da littafi. Da ya zo kan katifa da bargo da bokiti da akwati, fam takwas, sai ta tsayar da hannu.

"Ubanka har ya bar duniya kan tabarma yake kwana."

"Gadon ƙarfe ne, da waya a tsakiya."

"To." Ta tsiba. Tufafi da takalmi biyar, kuɗin mota biyu. Ta haɗa tsibin wuri guda, ta sake ƙirgawa da yatsa. Fam sittin da biyu.

A ɗaya gefen faifan ta sa abin da take da shi. Awaki biyu da ɗan akuya, in an yi ciniki mai kyau, tara. Jarin ƙuli-ƙuli, biyu. Sha ɗaya ke nan. Ɗahiru ya dubi ƙaramin tsibi kusa da babba, ya sunkuyar da kai.

"Shi ke nan, Inna. Dama na faɗa maki ne don ki sani."

Sai Saude ta yi dariya, wadda rabonta da ita tun kafin takaba.

"Kai kana tsammani shekara ashirin zaune nike? Ina da ajiya."

"Ina?"

"Hannun mata."

Duk macen da ta zauna gidan aure a ƙasar nan ta san biki. Ƙawarki ta haihu ko tana aurarwa, ki kai mata sule biyu a gaban mata. Ranar da naki sha'anin ya zo ta kawo huɗu. In nata ya sake zagayowa ki kai takwas. Haka ake ninkawa, har in ya yi nauyi ɗaya ta mayar da daidai abin da aka kawo mata, a ce an yanke. Saude kuwa tun sunan Ɗahiru ba a sake taruwa a gidanta ba. Ba ta sake haihuwa ba, ba ta da 'ya mace da za ta aurar. Amma duk suna da duk aure daga Nahuce zuwa Karakkai zuwa Bungudu tana wurin, da kuɗinta ƙulle a bakin zane, ko hatsi a kwarya, ko sabulu. Fita kawai yake yi, bai taɓa dawowa ba. Duk tana riƙe da shi a ka, mace bayan mace. Ta zauna ta jera su a faifai tana kiran sunaye, ta ninka, ya haura fam tamanin.

"Ga makarantarka," ta ce, "har da canji."

Washegari ta ɗaura zanenta mai kyau ta nufi Bungudu wajen Yelwa, babbar ƙawarta ta biki, matar wani mahauci. Lissafin da ke tsakaninsu ya tsaya a fam biyar da Saude ta kai lokacin da Yelwa ta aurar da 'yarta ta uku. Ta same ta tana tankaɗe a tsakar gida.

"Yau wace rana, mai ƙuli-ƙuli ta bar kasko?" in ji Yelwa. "Ko wuta ta ƙare a Nahuce?"

Suka gaisa, suka tambayi gida da ruwa. Sannan Saude ta ce, "Ƙawa, na zo karɓar bikina."

Yelwa ta dube ta daga sama har ƙasa, ta tsayar da ido a cikinta.

"Ciki gare ki ban sani ba? Ko wani tsoho ya yi tayi?"

"Bar wasa. Yaron nan anka ɗauka babbar makaranta a Zariya."

"Kai, barka. Allah shi sa albarka. To bikin na mi?"

"Na makarantar."

"Ana bikin makaranta? Wa za ya yi guɗa, hedimasta?"

Ta yi dariya har ta zubar da gari. Da ta ga Saude ba ta taya ta ba, sai ta ajiye rariya.

"Saude, ba hana ki nikai ba. Kuɗinki ne, fam goma, ko daga barci anka tashe ni na san shi. Amma biki gaban mata anka kai shi, gaban mata aka maido shi. In na ba ki yau cikin ɗaki, ran auren Ɗahiru in shigo hannu sake? Wa ya ga na ba ki? Sai a ce Yelwa ta ci bikin mai ɗa guda."

"Ni zan faɗa masu."

"Ki bi mata arba'in gida gida kina faɗi? Kuma ko ni na yarda, sauran fa? Wace za ta saida akuyarta da damina don abin da ba aure ba, ba suna ba? Mijinta ma ba ya bari."

Da Saude za ta tafi, Yelwa ta danƙa mata sule goma, ta ce wannan ba biki ba ne, na sabulun ɗalibi ne. A bakin zaure ta ƙara da cewa, tana dariya, "Ki yi mashi aure mana, ki ga aiki."

Saude ta zaga Karakkai, ta zaga gidajen Nahuce. Babu wadda ta musanta kuɗin, babu kuma wadda ta ba ta. Kowace magana ɗaya take yi: Allah ya kawo sha'ani, za mu zo. Tana dawowa ta hanyar gonaki, maganar da Yelwa ta yi da wasa ta zauna mata a rai, ta ƙi tashi.

"Inna," in ji Ɗahiru da ta faɗa masa, "ni karatu nike nema, ke kina neman mani mata."

"Karatun nike nema maka. Kuɗin nan ƙofa guda gare su."

"Auren kyauta akai?"

"Zainabu ta Kawunka Dogo tana gida, ta gama idda tun rani. Ba lefe, ba kayan toshi. Sadaki kaɗan, atamfa turmi biyu. Ta zauna nan wajena ta taya ni tuya, kai ka kama hanyarka."

Zariya Ɗahiru yake so, so mai tsanani, tun yana aji uku yake ambatonta. Zainabu kuma ba baƙuwa ba ce, tare suka yi wasan ƙasa.

"In ta yarda," ya ce.

Suka shiga mota zuwa Tsafe. Dogo yayan Saude tela ne, suka same shi a zaure yana taka keke. Zainabu ta kai shekara ashirin. Mijinta na farko ya tafi kudu neman abinci lokacin fari, daga can ya aiko mata da saki. Ta kawo musu ruwa, ta durƙusa ta gaida Saude, sannan ta juya ga ɗan gwaggonta.

"Malam Ɗahiru na boko. An ce za ka aure ni ka gudu Zariya. Na farko Ikko ya gudu. To, ana samun sauƙi, tafiyar na raguwa."

"Tuwonki ya kore shi."

"Za ka ci shi, har ka miƙo kwano." Ta dubi Saude. "Gwaggo, na yarda. Zaman gidan Baba ya ishe ni, kullum ni ce mai sa maɓalli."

Dogo ya yanke sadaki fam biyar, bai ja ba. Amma da Saude ta faɗi lokacin da take so a yi, sai ya ɗaga ƙafa daga keke.

"Saude, wa ke biki da damina? Mutane na cin tafasa. Ki bari a yanke gero."

"Yaya, makaranta ba ta jiran gero."

Ya dube ta, ya dubi Ɗahiru, ya ci gaba da ɗinki.

Abin da Saude ba ta sa a faifai ba shi ne cewa masu kawo biki da baki suke zuwa. Ta sayar da akuya ɗaya da ɗan akuyan, ta biya sadaki. Jarin ƙuli-ƙuli da sule goman Yelwa suka shiga atamfa. Ɗaya akuyar ta tsaya don miya. Dawa da mai da goro ta karɓo bashi wajen wani ɗan kasuwa a Bungudu, a kan za ta biya washegarin wuni. Dawa ta ninka kuɗinta uku a shekarar. Saude ta ji farashin, ta ce a auna. A ranta tana cewa tamanin na nan tafe.

Ranar wuni mata arba'in ta sa rai. Suka zo, kowace da 'ya'yanta, da maƙwabciyarta, da 'yar rakiya, da tsohuwar gidansu. Labari ya bazu cewa ana tuwo a gidan Labbo, kuma akwai mutanen da rabonsu da ƙoshi tun rani. Ba a korar mutum daga gidan biki. Kafin azahar tukwane sun ga ƙasa, Saude ta aika Bungudu a ƙaro dawa a kan bashin. Ta tsaya a bakin madafa tana kallon kwanuka na fita, tana murmushi, tana amsa barka.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarma, sanƙira ta tsaya a tsakiya tana shelar abin da kowace ta kawo. Yelwa ce ta fara. Ta sayar da tunkiyarta, ta zube fam goma cif, aka yi guɗa. Saude ta ji hawaye ya zo mata. Bayan Yelwa kuma sai abin ya fara sauka. Waɗanda Saude ta kai wa hatsi kwano huɗu a shekarun ƙoshi, maimakon takwas sai suka zo da kwanon sha da sandar sabulu, suka ce ta yi haƙuri, bana hatsi ba ya taɓuwa. Waɗansu suka mayar da daidai abin da ta kai, suka yanke. Wata ta kawo rabi, ta ce ai amaryar bazawara ce. Uku daga cikin waɗanda ta ƙirga sun rasu a cikin farin, bikinsu ya bi su. Biyu sun bi mazajensu kudu. Duk da haka kowace aka kira sunanta sai an yi mata guɗa, Saude kuma sai ta ce an gode, Allah ya bar zumunci.

Da hantsi washegari suka zauna su uku, ita da Ɗahiru da amarya, aka kwance ƙulli. Tsabar kuɗi fam arba'in da ɗaya. Ba su gama jerawa ba ɗan kasuwar Bungudu ya yi sallama a zaure. Nasa ashirin ne, ya karɓa ya yi addu'a ya tafi. Kwanuka da sabulu da 'yan ɗankwalaye Saude ta ƙulle a tsohon zane ta kai kasuwar Gusau, don a Bungudu za a gane su, kuma sayar da kayan biki abin kunya ne. Mai rumfar ya juya kwanon sha, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce irin wannan kowa shi yake kawowa bana. Fam biyar ya ba ta a kan duka.

Ashirin da shida.

Wannan karon Ɗahiru ne da kansa ya yi ta ragewa.

"A cire katifa. In shimfiɗa kwali kan wayar."

"Cire," in ji Saude.

"Akwati, in tafi da buhu. Tufafi, waɗanda ke jikina sun isa."

"Rigar angonci na nan," in ji Zainabu. "Ka shiga aji da ita, su san kai magidanci ne."

Bai yi dariya ba. "Littattafai, in ari na wasu in kwafa."

Ya rage rajista da ɗaki da abinci da mota, waɗanda ba su raguwa. Talatin da bakwai. Saura sha ɗaya, daidai kuɗin awakinta da jarinta da auren ya cinye. Babu wanda ya faɗi haka a cikinsu, amma duka ukun sun gani.

Saude ta je wajen Jatau ta roƙe shi ya ƙara wani abu a kan jinginar gona. Yana gyaran fartanya, bai ɗago ba.

"Jiya kinka ciyar da gari guda, yau kina neman fam sha ɗaya? Ki tambaye ni bayan kaka."

Dogo ba shi da shi. Yelwa ta riga ta sayar da abin sayarwarta. Saude ta shiga gidaje har ƙafarta ta kumbura, kowa na cewa bayan kaka. Aka fara yankan gero, aka shiga cirar gyaɗa, lokacin buɗe makaranta ya zo ya wuce, Ɗahiru na zaune a Nahuce.

Bai yi mata faɗa ba, da ya yi ma da ta fi jin sauƙi. Ya tafi Gusau ya samu aiki a tashar mota, yana rubuta rasit. Ranar da zai tafi ya tsuguna a gabanta.

"Inna, ki ƙulle kuɗin nan, kada ki taɓa. Baɗi zan sake nema. Duk ƙarshen wata zan kawo abin da ya samu a ƙara."

"Ko wuta ta kama ɗakin nan, da su zan fita," ta ce.

Ya riƙa zuwa kuwa, duk wata da fam biyu. Ita da Zainabu suka tada tuya da gyaɗar bashi, suna ci da ƙyar, ba su taɓa ƙullin ba.

Kaka ta yi kyau a shekarar, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Duk auren da fari ya hana sai aka taso da shi lokaci guda. Kusan kowace Juma'a sai wata ta yi sallama, ta ajiye wa Saude goron gayyata. Su ne dai matan da suka zo wuninta. Yanzu ita ake bi.

Na farko ta ƙi zuwa, ta ce ƙafa ke ciwo. Na biyu ma haka. Sai ta ga a bakin rijiya ana amsa gaisuwarta a taƙaice. Ƙuli-ƙuli ya fara kwana. Wata ta tare Zainabu a hanya ta ba ta saƙo: a faɗa wa Gwaggonki, da yunwa munka kai mata, da ƙoshi ta ɓuya. Zainabu ta kawo saƙon yadda aka ba ta. A lokacin cikinta ya fara fitowa.

"Gwaggo, ni ba ruwana da kuɗinku. Amma in na sauka, wa za ya zo ya dafa mani ruwan wanka? Ke kaɗai?"

Saude ta kwana biyu tana juya maganar. Sannan ta kwance ƙulli ta zari sule goma, ta ce wannan kaɗai, za ta mayar daga ciniki. Bayan shi aka yi na fam guda, aka yi na sule sha shida. Inda ta iya yankewa ta yanke, ta sha kallo. Amma ko an yanke sai an mayar da abin da aka kawo, kuma abin da aka kawo mata ya riga ya zama tuwo. Ɗahiru na zubawa ta sama, biki na ja ta ƙasa. In ya zo ya tambaya, sai ta ce suna nan. Ba ƙarya ta yi ba, akwai sauran.

Da sanyi ya fara sauka Yelwa ta zo da kanta, da goro cikin kwarya. Za ta aurar da autarta.

"Ban zo tuna maki komai ba," ta ce. "Ki zo ki ci tuwo, shi ke nan."

Abin da ya rage a ƙulli fam sha bakwai ne. Ninkin Yelwa ashirin. Saude ta raba kuɗin gida biyu, goma a bakin zane na dama, bakwai a na hagu. Ta yi niyya ta ajiye goma ta yanke, ta dawo da bakwai ko don ta samu abin nuna wa yaro.

Gidan Yelwa ya cika har waje. Masu kiɗan ƙwarya na gefe, sanƙira na tsakiya. Da aka ga Saude ta taso sai wuri ya yi shiru, don babu wadda ba ta san tunkiyar da Yelwa ta sayar da damina ba. Saude ta durƙusa a bakin tabarma ta kwance goman. Ta ɗago, suka haɗa ido da Yelwa. Shekara talatin suna tare. Yelwa ce ta wanke mata 'ya'ya biyu da suka rasu, ita ta zauna da ita kwanakin takaba. Hannun Saude ya tafi bakin zane na hagu, ta kwance bakwan ta ɗora.

Sanƙira ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta buɗe baki ta rufe. Sha bakwai bai kai ninki ba, ya kuma wuce yankewa, ba ta san da wane suna za ta kira shi ba. Sai Yelwa ta matso kamar za ta gyara tabarma.

"Ke, idonki ya fara mutuwa," ta ce wa sanƙira. "Ga wasu sun shige ƙarƙashi."

Ta ɗaga gefen tabarma, fam uku suka fito daga tafin hannunta. Sanƙira ta ɗaga murya ta ce Saude ta Nahuce, fam ashirin, ta ninka. Aka ɗauki guɗa har masu kiɗa suka tsaya. Mata na ta dafa Saude suna cewa haka ake ƙawance. Aka kawo mata tuwo da nama a kwano na musamman. Ta sa hannu ta ci loma biyu, ta rufe, ta ce za ta kai wa mai ciki.

Ƙarshen wata Ɗahiru ya zo da yamma, rigarsa na warin man mota. Ya rame, amma fuskarsa a sake take. Ya gaida ta, ya tsokani Zainabu cewa ta kusa fin ƙofar ɗaki faɗi, ta ce ai ɗansa ne mai cin tsiya kamar ubansa. Sannan ya zauna kusa da mahaifiyarsa.

"Inna, an fara ɗaukar sunaye na baɗi. Na tambaya, sun ce ina iya sake nema. Nawa munka kai?"

Saude ta dubi hannuwanta.

"Babu."

"Babu kamar yaya?"

"Na kai biki."

"Duka?"

"Duka. Har Yelwa ta cika mani uku."

Ya kawar da kai. Zainabu na tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango. Can waje ana kiran awaki. Sai Saude ta ji bakinta na magana.

"Amma ka ji, ba asara ba ce. In Zainabu ta sauka, ran suna, Yelwa kaɗai arba'in za ta kawo. Ga ta Karakkai, na kai mata fam guda, biyu ke nan. Ga matar liman. Kuma wanga karon da rani ne, kowa na da hatsi, ba kamar..."

"Inna."

Ta tsaya.

"Ragon suna fa? Da abincin mata? Da bashin gyaɗa?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da fam biyun da ya zo da su, ya ajiye a kan tabarma, ba a hannunta ba.

"A sayi abin da za a saya na haihuwa," ya ce. "Ba sai an ƙulle ba."

Ya miƙe. Ta ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce motar ƙarshe za ta wuce shi a Bungudu, gobe da aiki. Ya durƙusa ya yi mata sallama yadda ya saba, ya ce wa Zainabu ta riƙa hutawa, ya fita.

Suka zauna su biyu a tsakar gida, kuɗin na kan tabarma babu wadda ta ɗauka. Zainabu ta sauko a hankali ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

"Gwaggo," ta ce, "in Yelwa ta kawo arba'in ɗin, mu kuma nawa za mu maida?"

"Tamanin," in ji Saude.